Muhawara: Wa Ke Korar Wa Tsakanin 'Ya'yan Salmon da na Tirawut a Ƙananan Ƙoramu?

Ɗalibin Bergen:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina roƙon a taya ni warware wani abu da ya tsaya mini a rai tun da muka dawo daga aikin ƙidayar kifi a wata ƙorama da ke yammacin Norwe, a ƙarshen watan Agusta. Yadda ake aikin shi ne, mutum ɗaya ya goya na'urar lantarki yana sakin wuta kaɗan a cikin ruwa, kifin da ke kusa ya sandare na ɗan lokaci, na biye da shi ya kwashe su da 'yar raga, mu auna tsawon kowanne mu rubuta, sannan mu mayar da su ruwa da ransu. Kifi iri biyu muke ƙirgawa: salmon na Tekun Atilantika, wanda masana ke kira Salmo salar, da ɗan'uwansa tirawut mai ruwan ƙasa, wato Salmo trutta. Dukansu a cikin tsakuwar ƙorama ake ƙyanƙyashe su, kuma a nan suke yin shekarunsu na farko, kafin salmon da wasu daga cikin tirawut su gangara teku, su dawo yin ƙwai idan sun girma.

Can sama, inda ƙoramar ta tsuke har mutum zai iya ƙetare ta da tsalle ɗaya kuma itatuwa suka rufe ta da inuwa, kusan duk abin da muka kama tirawut ne. Can ƙasa, inda ta buɗe ruwa ke gudu a kan duwatsu, salmon ne suka fi yawa. A tsakiya kuwa, inda suke tare, tirawut na bakin gaɓa da cikin gurabe masu zurfi, salmon na tsakiyar ruwa mai ƙarfi. Abokin aikina ya ce ai tirawut ne ya kori salmon daga wurare masu daɗi, ya bar masa wurin wahala. Ni kuma na kasa yarda gaba ɗaya, na kuma kasa musawa. Shin kora ce, ko kuwa kowa ya zauna ne inda halittarsa ta fi dacewa?

Mai Kiwon Tarwaɗa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin malamai su shigo, ina da tambaya irin ta mai koyo. Na ga hotunan kifayen nan biyu suna ƙanana, kuma wallahi ban ga bambanci ba, dukansu da tabo-tabo a gefe kamar an dangwala musu yatsa. Ta yaya kuke tabbatar da wanda ke hannunku? Idan ana iya kuskure a nan, ai ƙidayar ma ta shiga shakka.

Ɗalibin Bergen:

Gaskiyarka, Yaya, kuma a makon farko na sha gyara. Abu huɗu ake dubawa. Ɗan salmon yana da siririn ƙugu kusa da wutsiya, wutsiyar kuma ta tsage sosai, na tirawut kuwa ƙugunsa kauri ne, tsagar wutsiyarsa kaɗan. Ƙashin muƙamuƙin sama na tirawut yana kai wa ƙarshen ido ko ya wuce, na salmon ba ya kaiwa. Akwai wani ɗan fiffiken kitse a baya kusa da wutsiya, wanda a tirawut yakan yi ja ko ruwan lemo, a salmon kuma toka-toka. Na huɗu, wanda nake jin zai yi mana amfani a wannan magana, shi ne fukafukan ƙirji: na salmon sun fi na tirawut girma da faɗi nesa ba kusa ba. Waɗanda ba su kai wata uku ba ne ke ba da wahala, waɗanda suka shekara kuwa da kallo ɗaya ake gane su.

Malamar Ilmin Halittu:

Ɗalibi, ka kyauta da ka ƙi saurin yarda. Ganin kifi biyu a wurare daban ba ya zama hujjar cewa ɗaya ya kori ɗaya, domin rarrabuwar wuri tana iya fitowa daga abu biyu da suka yi kama a ido amma suka bambanta a asali. Tana yiwuwa kowanne ya zaɓi wurinsa ne ko da ɗayan ba ya nan, tana kuma yiwuwa dukansu wuri ɗaya suke so, mai ƙarfi ya riƙe, mai rauni ya matsa. Masanin nan na Suwidin, Nils-Arvid Nilsson, ya yi bayanin kashi na biyun tun a shekarun 1960 daga abin da ya gani a tafkunan ƙasarsu, inda nau'i biyu ke cin abinci kusan iri ɗaya idan kowanne shi kaɗai ne a tafki, amma da zarar sun haɗu sai abincinsu da mazauninsu su rabu.

Fukafukan ƙirjin da ka ambata suna goyon bayan kashi na farko. Ɗan salmon yakan kwanta a kan dutse ya shimfiɗa fukafukan nan, ruwan da ke bi ta kansu ya danna shi ƙasa, don haka yana iya zama cikin ruwa mai gudu ba tare da ya yi ta iyo ba, sai dai ya zabura ya cafke ƙwaron da ruwa ya kawo ya koma mazauninsa. Tirawut ba shi da wannan baiwa, dole ya yi ta kaɗa jiki, kuma a ruwa mai ƙarfi abin da zai ƙona ya fi abin da zai samu. Saboda haka wurin da abokin aikinka ya kira wurin wahala, ga salmon ba lallai ne wahala ba ce. Aikin da Jan Heggenes ya daɗe yana yi a kogunan Norwe ya nuna wannan rabo akai-akai: salmon a ruwa mai sauri nesa da gaɓa, tirawut a ruwa mai sanyin gudu kusa da mafaka.

Hanyar raba gardama ɗaya ce, wato a cire ɗaya a ga abin da ɗayan zai yi.

Tsohon Jami'in Kifi:

Malama, Allah ya ƙara ilmi, ai an cire ɗin, kuma tun da daɗewa. Ni na karanta waɗannan abubuwa lokacin da aka tura mu kwas, kuma har yau ban ga abin da ya rushe su ba.

A 1958 Harry Kalleberg ya wallafa abin da ya gani a wani kwatami mai ruwa mai gudu da aka gina a cibiyar binciken ruwa ta Drottningholm a Suwidin. Ya zuba 'ya'yan salmon da na tirawut ya zauna yana kallo. Kowane ɗan kifi yakan kama wuri ɗaya ya tsare shi, ya kori duk wanda ya matso, kuma tirawut ya fi salmon faɗa da saurin girma. Ya kuma lura da wani abu da nake so a riƙe: idan aka sa manyan duwatsu har kifayen suka daina ganin juna, yankin da kowanne ke tsarewa yakan ragu, wurin ya ɗauki kifi fiye da da.

Wannan na kwatami ne. Na ƙorama ta gaske kuwa, Kennedy da Strange sun yi shi a Altnahinch, wani reshe na Kogin Bush a Ailan ta Arewa, suka wallafa a 1986. Sun kwashe kifin da ke wani sashe na ƙoramar, suka dasa ƙwan salmon a can da kuma sashen da aka bar tirawut a ciki. Inda babu tirawut, 'ya'yan salmon sun fi rayuwa, sun fi girma, kuma sun bazu har cikin wurare masu zurfi da ba a saba ganinsu ba. To, idan son ransu ne ya tsayar da su a ruwa marar zurfi, me ya kai su gurbi da zarar mai gurbin ya tafi? Ni a ganina abokin aikin yaron nan ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda Malama ta nuna.

Malamar Ilmin Halittu:

Baba, ban musa gwajin Altnahinch ba, shi ne ma irin hujjar da na ce a kawo. Sai dai a ƙarasa labarin. A shekara ta biyu, lokacin da salmon na farko suka shekara suka zama manya a wannan sashe da babu tirawut, sababbin 'ya'yan da aka dasa ba su samu sakewar da yayyensu suka samu ba, domin yayyen nasu ne suka fara takura musu. Ke nan wani kaso na abin da muke ɗora wa tirawut, laifin girma ne kawai: babban kifi yana danne ƙarami, ko ɗan'uwansa ne ko bare. A sashen da ba a kwashe ba akwai tirawut 'yan shekara ɗaya da biyu da uku, kuma wanda ya kai tsawon tafin hannu ba korar ɗan salmon kaɗai yake yi ba, haɗiye shi yake yi. Dole mu raba abu uku: gasa tsakanin tsara da tsara, danniyar babba a kan ƙarami, da farauta.

Mai Kiwon Tarwaɗa:

Wannan magana ta Malama na san ta da idona, ko da yake kifina daban ne. Ƙwai ɗaya, uwa ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe, amma bayan mako biyu zuwa uku sai ka ga wasu 'yan kaɗan sun yi wa saura fintinkau, kuma idan ba ka tace ka ware su ba, su za su cinye maka rabin kwatami. Ratar kwana kaɗan a farkon rayuwa ita ce ke zama ratar da ba a cikewa. Shi ya sa nake tambaya: a cikin waɗannan biyun, wa ke riga wani fitowa daga ƙwai? Idan tirawut ne, to watakila ba faɗa ya fi iyawa ba, sammako ya yi.

Ɗalibin Bergen:

Tirawut ne, Yaya. A yawancin koguna shi ke riga yin ƙwai a kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, salmon ya biyo baya da 'yan makonni. Ƙwan yana kwana cikin tsakuwa duk tsawon hunturu, kuma saurin nunarsa ya dogara ga ɗumin ruwa: idan ka tara ma'aunin zafin kowace rana, sai jimillar ta kai wajen 400 zuwa 450 kafin ya ƙyanƙyashe. Bayan nan ma ɗan kifin yana zama cikin tsakuwa yana rayuwa da gwaiduwar da ke maƙale a cikinsa, sai ta ƙare ya fito neman abinci. Wanda aka riga binnewa shi ke riga fitowa. Egglishaw da Shackley sun bi wata ƙorama a Sikotilan mai suna Shelligan daga 1966 zuwa 1975, kuma abin da suka gani ke nan: 'ya'yan tirawut suna riga fitowa, suna kuma kai wa ƙarshen lokacin girma sun fi na salmon tsawo.

Amma jinkirin salmon yana da tasa riba. Macen salmon ta fi girma, tana haƙa rami mai zurfi da wutsiyarta, kuma idan tsakuwar da ta dace ta yi ƙaranci tana iya haƙawa a daidai inda tirawut ta riga ta binne nata, ta tone su ruwa ya tafi da su.

Tsohon Jami'in Kifi:

Ɗana, ka kawo mu daidai inda abin yake. Makonnin farko bayan fitowa daga tsakuwa su ne mafi tsanani ga ɗan kifi, kuma mafi yawansu ba sa wuce su. J. M. Elliott ya shafe shekaru sama da talatin, tun daga 1966, yana ƙirga tirawut a wata 'yar ƙorama mai suna Black Brows a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. Ya nuna cewa a cikin wata ɗaya zuwa biyu na farko ake yin mutuwar da ta fi yawa, kuma yawan mutuwar yana bin yawan cunkoso: wanda ya samu wurin tsayawa ya rayu, wanda bai samu ba ruwa ya gangara da shi yana ramewa har ya mutu. A wannan ƙoramar idan ƙwai ya yi yawa fiye da kima, waɗanda ke tsira sukan ma kasa na shekarar da ƙwan ya zo daidai. To ka ɗauki ɗan salmon da ya fito ya tarar tirawut ya riga shi da mako biyu, ya kama wuri, ya fi shi tsawo, ya kuma fi shi zafin rai. A ƙorama mai faɗin taku biyu, wadda duk cikinta gaɓa ce, ina zai je? Wannan shi ne bayanin abin da ka gani can sama.

Injiniya a Ontariyo:

Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Baba ta ƙarshe ta taɓo fannina, domin aikina gyaran magudanai da ƙoramu ne. Baba ya ce ƙaramar ƙorama duk cikinta gaɓa ce, kuma ina ganin nan ne mabuɗin. Gaɓa biyu ce ko ƙorama ta yi mita 2 ko ta yi mita 20. Abin da ke ƙaruwa idan ta buɗe shi ne tsakiya. Idan tirawut ɗan gaɓa ne, salmon ɗan tsakiya, to ko babu faɗa ko kaɗan, lissafi kawai zai ba tirawut rinjaye a sama, ya ba salmon rinjaye a ƙasa.

Abin da muke gani a nan Kanada ya ƙara nuna cewa wanda ya fi cutar da kai shi ne wanda ke son daidai abin da kake so. Tafkin Ontariyo yana da nasa salmon na Atilantika tun asali, amma madatsun injinan niƙa, da sare dazuzzuka, da kamun wuce kima suka ƙarar da shi kafin shekarar 1900. Daga baya aka zuba baƙin kifaye, har da tirawut mai ruwan ƙasa daga Turai da tirawut mai bakan gizo daga yammacin nahiyar. A 2006 aka fara wani shiri na dawo da salmon a Kogin Credit da ƙoramun Duffins da Cobourg, kuma ɗaya daga cikin matsalolin shi ne 'ya'yan mai bakan gizo su ma ruwa mai gudu suke so. A Turai salmon yana da mafita idan tirawut ya matsa masa, wato ya koma tsakiya. A nan kuwa ya koma tsakiyar ya tarar da wani.

Malamar Ilmin Halittu:

Injiniya ya taimake ni, kuma zan ƙara da hujjar da nake ganin ta fi kowacce wahalar da ra'ayin Baba. A kudancin Norwe, ruwan sama mai asid da hayaƙin masana'antun Turai ya haddasa ya ƙarar da salmon a koguna da dama a ƙarni na 20, domin salmon ya fi tirawut rashin jure ruwa mai tsami. Tirawut ya rage shi kaɗai a wurare da yawa. Sai aka fara zuba garin farar ƙasa don kashe tsamin, a Kogin Tovdal daga 1996, a Kogin Mandal daga 1997, da wasu koguna. Salmon ya dawo. Hesthagen da abokan aikinsa suka bi ƙidayar shekara da shekaru a kogunan da aka yi wa wannan magani, suka wallafa a 2017 cewa yayin da 'ya'yan salmon ke ƙaruwa, 'ya'yan tirawut raguwa suka yi, alhali ruwan ya gyaru ga dukansu.

A duba wannan da kyau. Kifin da ke cin nasara a kowane karo na gaba da gaba a cikin kwatami, shi ne ya ja baya a kogi. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne yawa da fili: macen salmon tana zuba dubban ƙwai, babban kogi kuma yawancinsa irin wurin salmon ne, kuma tsare yanki yana da tsada. Kifin da zai kori mai kutse ɗaya ya koma cin abinci, idan masu kutsen suka zama ashirin sai ya wuni yana kora bai ci komai ba. Don haka tambayar wa ya fi ƙarfi ba ta da amsa ɗaya sai an faɗi a wace ƙorama.

Tsohon Jami'in Kifi:

Na karɓi wannan, Malama, ban san da shi ba, kuma ya gyara mini tunani game da manyan koguna. Sai dai yaron nan a kan ƙananan ƙoramu ya yi tambaya, kuma Mandal ba ƙorama ba ce. A ƙaramar ƙorama ina nan kan bakana. Ga ƙarin shaida daga Amurka game da halin tirawut mai ruwan ƙasa: an kai ƙwansa daga Jamus a 1883, aka sake shi a Kogin Baldwin na jihar Mishigan a 1884. Kusan shekara ɗari bayan haka, Fausch da White suka cire shi daga wani sashe na reshen gabas na Kogin Au Sable, suka wallafa a 1981 cewa wani nau'in tirawut ɗan asalin nahiyar, da ke zaune tare da shi, ya koma wuraren hutawa masu kyau da a da ba ya samu. Duk inda aka ɗauke wannan kifi, maƙwabcinsa yakan matsa zuwa inda ya bari. Wanda ake tashi a ba shi wuri, ai ba a ce da shi maƙwabci kawai ba.

Injiniya a Ontariyo:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina ganin ku biyun kun kusa haɗuwa. Shi Fausch ɗin ne a 1984 ya bayyana abin da ake faɗan a kansa: wuri mafi riba ga kifi shi ne inda zai tsaya a ruwa mai laushi, bayan dutse misali, alhali ruwa mai sauri da ke ɗauke da ƙwari yana wucewa dab da shi. Irin wannan wuri dukansu suna so, kuma tirawut ke samu. Bambancin shi ne, idan aka hana salmon na ɗaya yana da na biyu da zai rayu a ciki, shi kuwa tirawut idan ya rasa gaɓa da gurbi ba shi da na biyu. A yammacin Kanada ma Hartman ya ga makamancin haka a 1965 tsakanin wani nau'in salmon mai suna koho da tirawut mai bakan gizo mai zuwa teku: lokacin ɗumi koho na gurbi, ɗayan na ruwa mai gudu, amma da sanyi ya shigo faɗa ya lafa sai a same su tare a gurabe.

Ɗalibin Bergen:

Batun sanyi da Injiniya ya kawo ya tuna mini cewa duk ƙidayarmu ta watan Agusta ce, kuma da rana. Idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, 'ya'yan kifin nan sukan sauya hali: su ɓuya a ramukan da ke tsakanin duwatsu da rana, su fito cin abinci da dare, domin a ruwan sanyi jikinsu ya yi nauyi, ba sa iya tsere wa zalɓe da sauran tsuntsaye masu farauta da ido. Ƙungiyar Neil Metcalfe ta Jami'ar Glasgow ta gwada su a irin wannan yanayi, aka wallafa a 2001. Salmon idan shi kaɗai ne, ruwa mai zurfi marar gudu yake zaɓa da dare, daidai irin zaɓin tirawut. Idan an haɗa su, sai ko dai ya koma wuri marar zurfi, ko ya ƙara fitowa da rana, lokacin da haɗarin ya fi yawa. Wannan ya fi goyon bayan Baba, domin a hunturu fukafukan ƙirjin ba su ba shi wata mafita ba.

Malamar Ilmin Halittu:

Haka ne, kuma na yarda cewa a hunturu, a ƙaramar ƙorama, matsin daga tirawut yake zuwa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne matakin da wasu ke ɗauka daga nan, wato a rage tirawut don salmon ya yawaita. A Ontariyo ko Mishigan ana iya wannan magana, domin baƙo ne aka kawo. A Norwe da Sikotilan da Ailan dukansu 'yan gida ne, tare suka shigo kogunan bayan janyewar ƙanƙara fiye da shekara dubu goma da suka wuce, kuma tirawut mai zuwa teku shi ma yana cikin matsi a yammacin Norwe saboda ƙwarƙwatar kifi da ke yaɗuwa daga gonakin salmon na cikin teku. Ƙananan ƙoramun nan da salmon bai cika shiga ba su ne gidan haihuwarsa.

Akwai kuma abin da ke tafe. Tirawut ya fi girma da kyau a wajen digiri 13 zuwa 14, kuma idan ruwa ya daɗe a wajen 25 yakan mutu. Salmon ya fi son wajen 16, yana kuma jurewa har wajen 27 zuwa 28. Ƙaramar ƙorama da aka sare itatuwan bakinta ita ke saurin ɗumama a watan Yuli. Ke nan a wuraren da ruwa ke ƙara zafi, wanda muke kira azzalumi a wannan zaure shi zai riga jigata.

Mai Kiwon Tarwaɗa:

Malama, tambaya ɗaya ta rage mini. Tun da 'yan'uwan juna ne har haka, kuma a tsakuwa ɗaya suke ƙwai, ba sa barbarar juna?

Malamar Ilmin Halittu:

Suna yi, Alhaji, ko da yake tirawut yana da kuromosom, wato sandunan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 80, salmon na Turai kuma yawanci 58. A kogi mai lafiya ruwa-biyun kaɗan ne ƙwarai, domin bambancin lokaci da wurin yin ƙwai yana raba su. Sukan ƙaru ne idan ɗaya ya yi ƙaranci har ya rasa abokin barbara daga jinsinsa. An ga haka a kogunan Vefsna da Driva na Norwe bayan wata ƙaramar tsutsar fata mai suna Gyrodactylus salaris, wadda aka fara ganowa a ƙasar a 1975, ta kashe mafi yawan 'ya'yan salmon ta bar tirawut. Ɗalibi, wannan ma ya shafi ƙidayarka: kifin da alamominsa suka rikice maka, kada ka tilasta masa shiga ɗaya daga cikin layuka biyun, ka yanki ɗan fiffikensa a kai ɗakin gwaji.

Tsohon Jami'in Kifi:

Ni ma ba na cikin masu cewa a kashe tirawut, kada a fahimce ni ba daidai ba. Abin da zan ba da shawara shi ne a koma ga duwatsun Kalleberg. Ƙoramu da yawa a Turai an miƙar da su, an kwashe manyan duwatsunsu, a Suwidin da Finlan don a gangaro da gungumen katako, a wasu wuraren don noma. Ƙoramar da ta zama kamar lambatu, kowane kifi yana hango kowa, babu ramin ɓuya a hunturu, a nan ne mai ƙarfi ke cinye komai. A mayar da duwatsu da kututture, a bar itatuwan gaɓa, sai wurin tsayawa ya yawaita ga dukansu. Injiniya ya fi ni sanin kuɗin da hakan ke ci.

Injiniya a Ontariyo:

Yana ci, Baba, amma abin da ya fi kuɗin wahala shi ne sanin wa kake yi wa aikin. Idan na zuba kututture na haƙa gurabe, tirawut na gina wa gida. Idan na shimfiɗa duwatsu masu girman kan mutum a ruwa mai gudu, salmon na yi wa. Duk wanda ya ce zai gyara ƙorama domin kifi, a tambaye shi wane kifi. Ɗalibi, idan za ku koma, ku auna faɗin ƙoramar da zurfinta da girman duwatsunta a kowane sashe da kuka yi ƙidaya, domin idan babu waɗannan ba za ka iya raba tasirin wuri da tasirin maƙwabci ba.

Ɗalibin Bergen:

Na gode, malamaina. Za mu koma a watan Oktoba kafin manyan kifi su hau yin ƙwai, kuma zan nemi a ƙara waɗannan awo. Akwai wani kwalbati a ƙarƙashin hanya, tsakanin sashen tsakiya da na sama, wanda ban ambata ba saboda ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Yanzu ina tunanin watakila manyan salmon ba sa iya wuce shi idan ruwa ya yi ƙasa, su kuwa tirawut na sama ba sa bukatar wucewa tun da wasunsu ba sa zuwa teku sam.

Malamar Ilmin Halittu:

To, ai da wannan ya kamata ka fara. Idan iyaye ba su isa sama ba, rashin 'ya'yansu a can ba ya nuna kora, ba ya kuma nuna zaɓi. Ka auna tsawon faɗuwar ruwa a bakin kwalbatin da zurfin gurbin da ke ƙarƙashinsa, domin kifi daga gurbi yake ɗaukar tsalle, sannan a Nuwamba ka bi gaɓa ka ƙirga ramukan ƙwai sama da shi da ƙasa da shi. Ka kuma tuna cewa na'urar lantarki ba ta kama kifi da kyau a ruwa mai zurfi, saboda haka manyan tirawut na cikin gurabe sun fi abin da littafinka ya nuna. Idan shugaban aikinku ya amince, ku shiga da tabarau na nutso da fitila bayan magariba, ku ƙirga su da ido a sashen tsakiya.